Rubutun Da Ya Gagari Mai Shi

An yi wani mutum a wani ƙaramin gari da ke arewacin Minnesota. Ba zan faɗi sunansa ba, don yana raye, kuma abin da ya same shi ya ishe shi. Abokan aikinsa Boka suke ce masa, mu ma haka za mu kira shi.

Sana'arsa rubuta wa kwamfuta umarni. Yana aiki a wani kamfani mai kai wa gidajen bayan gari gas na ɗumama ɗaki. Mai kamfanin wata mata ce, Arlene Koskela, wadda ta gaje shi daga mahaifinta. Kowane gida yana da tankinsa a baya. In tanki ya ƙare a watan Janairu, ba maganar girki ake yi ba, maganar rai ake yi.

A da sai mai gida ya keta ƙanƙara ya duba ma'aunin tankinsa, sannan ya buga waya. Boka ne ya rubuta manhajar da ta ɗauke wa mutane wannan wahala. Takan duba sanyin kowace rana, ta ƙiyasta abin da kowane gida ya ƙona, da safe ta gaya wa direbobi inda za su nufa. Aiki ne mai kyau, ya 'yan uwa. Allah ya ba shi kai, ya yi amfani da shi, tsofaffi suka huta.

Da wani harshen kwamfuta mai suna Perl ya rubuta ta. Irin wannan harshe, rubutun yana nan a fili. Yadda ka rubuta shi haka na'ura take karantawa, haka ma duk ɗan sana'ar da ya buɗe zai karanta. Boka kuwa a lokacin rubutunsa garau yake. Kowane abu da sunansa. Wannan tanki, wannan sanyin jiya, wannan ragowar gas. A gefen kowane sashe ya bar bayani don na baya.

Wata rana Arlene ta ce masa za ta ɗauko masa abokiyar aiki.

"Kai kaɗai ka san cikin abin nan," in ji ta. "In barewa ta faɗo maka a mota gobe, da wa zan yi magana?"

Aka ɗauko Renée Beaulieu, mace mai hankali, wadda ta daɗe a sana'ar. Ta zauna ta karanta aikinsa daga farko har ƙarshe, ta juyo da kujerarta ta ce, "Kai, hannunka da kyau. Wannan ko wa aka ba zai iya riƙewa."

Yabo ne ta yi masa. Shi kuwa sai ya ji kamar an karanta masa takardar sallama.

Ta nan Shaiɗan ya shiga. Bai zo masa da giya ba, bai zo masa da caca ba. Tambaya ɗaya ya raɗa masa: in kowa zai iya riƙewa, kai mene ne amfaninka?

Sai Boka ya fara dagula rubutunsa da gangan, kaɗan kaɗan, kamar gara a cikin azara.

Ya fara da bayanan gefe, ya goge su. Waɗanda ya bari, ya mai da su ƙarya, bayani ya ce gabas, umarni ya yi yamma. Ya bi sunaye ya canza. Inda aka rubuta tanki ya koma wasu haruffa da lambobi masu kama da juna, sanda ɗaya, sanda biyu, sifili da harafin da ya yi kama da sifili, yadda ido ba ya iya rarrabewa. Suna ɗaya ya ba abubuwa daban daban, a nan yana nufin sanyi, a can yana nufin nisan hanya. Ya matse layuka suka haɗe, babu sarari, babu wurin shan iska.

Bai tsaya nan ba. Ya ɗauki kalmomi ya farfasa su ya mai da su lambobi, ya watsa su a fayiloli dabam dabam. Ya ƙunshe manyan sassa a cikin wani baƙin rubutu marar ma'ana, wanda sai manhajar ta tashi aiki take kwance kanta da kanta, ta aikata, ta sake rufewa. In ka kwance ƙulli ɗaya, wani ƙullin za ka tarar a ciki.

Sannan ya haƙa hanyoyin ƙarya. Ya rubuta dogayen umarni waɗanda ba ya nufin kwamfuta ta taɓa bi ta kansu, don kawai mai karatu ya shiga ya ɓata, kamar lungun da ba ya ɓullewa. Kowane lungu ya sa masa sharaɗin da yake ganin ba zai taɓa cika ba. A ɗaya daga ciki ya ce, in lambar abokin ciniki ta wuce dubu goma, a bi ta nan. Ya san gidajen da suke kai wa gas ko rabin haka ba su kai ba. A cikin wannan lungu ya zuba lissafin banza, mai nuna cewa gida ba ya ƙona gas sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ya yi murmushi, ya wuce, ya manta.

Renée ta buɗe rubutun wata safiya.

"Wannan kuma fa? Kyanwarka ce ta kwana a kan madannan kwamfuta?"

"Tsaro ne," in ji shi. "Ɓarayin zamani ba ta taga suke shigowa ba."

"Ɓarawo ka kulle wa ko ni?"

Ya ci gaba da aikinsa. Ta kai magana gaban Arlene. Arlene ta san motoci, ta san hanyoyi, ta san sunan karen kowane gida, amma ba ta san rubutun kwamfuta ba. Ga wanda ya daɗe tare da ita yana cewa tsaro ne, ga manhaja tana aiki lafiya lau. Ta mai da Renée wani sashe. Abu ɗaya ta nema, ta ce ya ajiye wa kamfani asalin rubutun mai karantuwa. Boka ya ce to. Ya koma kujerarsa ya goge asalin gaba ɗaya, don kada wata rana a tilasta masa. Ya ce a ransa, ai asalin yana cikin kaina.

Ya 'yan uwa, wane kai? Kan da yake manta inda ya ajiye makullin mota?

Shekaru suka shuɗe. Abin da yake so ya samu. Ba mai taɓa aikinsa, ba mai ɗaga masa murya. In ya tafi hutu, ofis ba ya barci sai ya dawo, shi kuma wannan ne yake masa daɗi. Da safe babban direbansu, Duane Halvorson, yakan leƙo da kofin gahawa a hannu ya ce, "Boka, yau ina aljanunka suka ce mu je?" A yi dariya. In wani gyara ya taso, sai ya liƙa shi a kan dagulallen rubutun ta gefe, ba ya shiga ciki. Shi kansa ya lura ya daina shiga ciki. Bai tambayi kansa dalili ba.

Yana da mata, Lorna. Mahaifinta Toivo Maki tsohon ma'aikacin haƙar ƙarfe ne, matarsa ta rasu, yana zaune shi kaɗai a bakin wani tafki, a ƙarshen hanyar da motar share ƙanƙara take isa daga baya. Ƙugunsa ya lalace, da sanda yake tafiya. Lorna ta sa an cire murhun itace daga gidan don ya daina saran itace, aka sa masa hita ta ɗumama ɗaki mai aiki da gas kaɗai, ko babu lantarki. Murhun itace ɗaya ya rage, na ɗan ɗakin wankan tururi da ke gangare, a bakin ruwa.

Wani ƙaramin kamfani ne yake kai wa Toivo gas. A wata kaka Arlene ta saye wannan kamfani. Aka cika tankunan sababbin gidajen, aka shigar da su cikin manhaja. Don kada lambobinsu su cakuɗe da na tsofaffi, aka fara musu daga dubu goma zuwa sama. Boka da kansa ya shigar da su. Ko gezau zuciyarsa ba ta yi ba.

Boka da Lorna suka kai wa tsohon ziyara a ƙarshen wannan kaka. Ya fito musu da kyafaffen kifi da burodi da gahawa mai ƙarfi. Lorna ta ga sawun sandarsa ya zagaya bayan gida, ta fara faɗa.

"Baba, har yanzu kana zuwa duba tankin nan? In ka zame fa?"

"Tun ba a haife ki ba nake duba tankina."

Boka ya ajiye kofi ya ce, "Baba, yanzu a hannuna kake. Kafin tankinka ya san yana jin yunwa, ni na sani. Ka daina fita."

Tsohon ya dube shi ta saman tabarau. "Wato na'urarka ta fi idona?"

"Idonka yana barci, ita ba ta yi."

"To, Boka. Na ba ka 'yata ba ka ɓatar ba, tanki ba zai gagare ka ba."

Daga ranar bai sake zagayawa ba.

Janairu ya zo da sanyin da aka daɗe ba a ga irinsa ba. Wata mata ta bugo waya tana kuka, gas ya ƙare, ga yara. Aka tura mota. Kashegari wani manomi ya bugo yana zagi. Sai wani, sai wata. Kowannensu a allon kwamfuta tankinsa ya fi rabi. Kuma duk sababbin gidaje ne.

Ranar Juma'a da hantsi Arlene ta shigo ofishinsa, Renée tana biye da ita. Rediyo yana ta sanar da guguwar ƙanƙara da za ta sauka washegari.

"Me ke faruwa?" in ji Arlene.

"Bayanan da wancan kamfani ya bar mana ne ba daidai ba. Gidaje kaɗan ne. Ina kai."

Renée ta ce, "Arlene, a daina bin na'urar nan yau. A kira duk direbobi, a bi sababbin gidajen ɗaya bayan ɗaya kafin hanya ta rufe. Kai kuma ka buɗe mini abin nan mu duba tare."

"Ki je ki yi aikinki," in ji shi. "Kafin azahar na gama."

Suka fita. Ya rufe ƙofa, ya buɗe rubutunsa.

Ya 'yan uwa, kun taɓa ganin mutum ya tsaya a ƙofar gidansa bai gane gidan ba? Ya bi layi na farko, ya kai shi wani fayil. Ya bi wannan, ya tarar da ƙulli. Ya kwance, ya tarar da lambobi. Ya ga wani suna, ya rasa ko sanyi yake nufi ko nisan hanya. Ya karanta bayanin gefe ya bi shi, ya yi nisa, sannan ya tuna shi ne ya rubuta shi don ya yaudari mai karatu. Lungunan da ya haƙa wa Renée, shi ya dinga faɗawa cikinsu.  Hannunsa ne, ya san hannunsa ne, amma kamar rubutun wani maƙiyinsa.

Da azahar Arlene ta leƙo. Maganar da za ta cece shi gajeriya ce: ban iya karantawa ba. Da ya faɗe ta, da motoci sun fita, akwai sauran rana. Amma da an buɗe rubutun, da Renée ta gani, da kowa ya san abin da ya yi shekara da shekaru.

Ya ce, "Na gyara."

Arlene ta sallami direbobi da wuri don su isa gida kafin iska.

Ba a jima ba Lorna ta bugo. "Ka duba mini na Baba? Na ce ya taho wurinmu ya ƙi."

Ya duba allo. Tankin Toivo ya fi rabi, in ji allo. Ya san allon ƙarya yake yi. Zai iya sa sunan tsohon da hannu a cikin gidajen da za a je a ranar, amma Renée za ta gani, za ta tambayi dalilin da wanda ya ce ya gyara yake tura wa surukinsa mota. Ya ce a ransa, tsoho ɗaya, gida ƙarami, zai kai Litinin. Kafin nan na gano matsalar.

"Yana da isasshe," in ji shi.

Guguwa ta sauka. Itatuwa suka faɗa kan wayoyi, lantarki ya ɗauke, tarho ya mutu, hanyoyi suka toshe. Lorna tana ta zagaye ɗaki tana faɗa wa kanta, ai hitarsa ba ruwanta da lantarki. Boka yana zaune gaban kwamfutarsa har batirinta ya ƙare, bai kwance ko rabin ƙullin ba.

Ranar da aka buɗe hanyar tafkin, Boka da Lorna suka bi bayan motar share ƙanƙara. Rana ta fito tas, ko'ina fari. Babu hayaƙi a bututun gidan. Lorna ta yi wajen ƙofa da gudu tana kiran Baba. Boka bai bi ta ba. Ƙafafunsa suka kai shi bayan gida, ya share ƙanƙara daga kan ma'aunin tanki da hannunsa. Allurar ma'aunin tana kwance a kan sifili.

Gidan ba kowa, ruwan kofi ya daskare a kan tebur. A gangare suka sami tsohon, tsakanin gida da ɗakin wankan tururi. Ya sa riguna a kan riguna, ashana tana cikin aljihunsa. Murhun itacen nan ya nufa. Ya zame, ƙugun ya ƙi ɗaga shi. Ƙofar ɗakin tana nan kusa, da an miƙa masa hannu da ya kai.

Lorna ta durƙusa a kansa ta daɗe. Da ta miƙe, ba ta yi ihu ba. Ta dubi mijinta ta ce, "Da muka sauka daga mota, me ya sa ka fara zuwa wurin tanki?"



"Ka sani," in ji ta.

Ita ce magana ta ƙarshe da ta yi masa ba ta bakin lauya ba.

Hukuma ta shigo. Aka kawo masana daga birni, suka zauna da Renée suna kwance rubutun, ƙulli bayan ƙulli, har sanyi ya wuce. Suka iso lungun dubu goma. Suka kuma gano cewa ranar da ya ce ya gyara, ko harafi ɗaya bai canza ba.

A kotu lauya ya haska wani sashe na rubutun a babban allo. Ya ce, "Kai ka rubuta wannan?"

"Ni ne."

"Karanta wa kotu abin da yake cewa."

Boka ya dubi allon. Alƙali yana jira, Arlene tana jira, Duane da sauran direbobi suna zaune a baya da hulunansu a hannu. 

"Ban iya ba," in ji shi.

Ga maganar ta fito, ya 'yan uwa. Amma ta fito bayan an binne wanda za ta amfana.

Aka ɗaure Boka. Kamfanin da mahaifin Arlene ya kafa ya rufe, don ba wanda ya sake yarda da shi. Duane, da furfurarsa, ya koma neman aiki a wani gari. Lorna ta sayar da gidan bakin tafki, ta bar jihar. Da Boka ya fito, duk inda ya nemi aikin kwamfuta labarinsa ya riga shi isa. Yanzu yana wani birni yana jera kwalaye a wani sito. Mutumin da ya so a ce ba a iya yi sai da shi, in bai zo aiki ba yau, kafin hantsi an sa wani a gurbinsa, ba wanda yake tambaya.

Ya 'yan uwa, kada wani ya ce malam ya haramta kulle. A'a. Akwai masu sana'ar nan da suke rufe rubutunsu don ɓarawo, da sanin mai kaya, asalin yana ajiye inda na baya zai samu. Wannan kulle ne. Amma wanda aka ba gadin gida ya kulle wa mai gida ƙofa ya haɗiye makulli, wannan ba tsaro ba ne, cin amana ne.

Mutumin nan bai saci komai ba. Bai yi niyyar kashe kowa ba, surukinsa kuwa yana ƙaunarsa. Tsoro ne ya fara kama shi. Ya ɗauka abincinsa yana cikin jahilcin abokiyar aikinsa, ya manta Mai rabo. Tsoro ya haifi ɓoyo, ɓoyo ya haifi girman kai, girman kai ya hana shi cewa ban sani ba a ranar da ran mutum yake rataye a kan wannan kalma. Magabata sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Shi nasa ya yi zurfi har ya haɗiye wanda bai ji ba bai gani ba.

Kada ka ce ni ba ruwana da kwamfuta. Kai makanike mai juya wa yaronka baya in za ka ɗaura abin da ya fi wuya, da kai nake. Ke ma'aikaciya mai rikita aikin ofis don kada a gane kansa sai ta hannunki, da ke nake. Kai da aka tambaya ko ka gama, ka ce ka gama alhali ba ka fara ba, wa ka sani yana can ƙarshen hanya ya dogara da maganarka?

Ilimin da ke kanka aro ne. Wanda ya ba ka zai tambaye ka wa ka koya wa, wa ka ɓoye wa. Ka yi aikinka yadda in ka faɗi yau, na bayanka zai ɗauka ya yi maka addu'a. In ka kasa, ka ce ka kasa tun da sauran rana.

Allah ya kiyaye mu daga tsoron da yake kai bawa ga cin amana. Allah ya tsare harsunanmu daga ƙaryar da wani zai mutu a kanta. Allah kada ya sa hannunmu ya ƙulla abin da zai gagare mu kwancewa ranar da za a ce mana karanta. Amin.